Darasi Na 9: Binciken Illar Loda A Jikin Tsohuwar Tarakta

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua, ko ya nausa wajen Zango da Baure, a watannin bazara, sa'ad da manoma suke rige-rigen kai taki gona kafin ruwan shuka ya sauka, da wuya ya kai inda za shi bai gamu da tantan ba, wata tana jan tirela, wata kuwa an ɗaura mata damatsa biyu na ƙarfe a gaba da bokiti a bakinsu, tana ɗibar kashin shanu ko yashi tana juyewa a mota. Wannan abin da aka ɗaura mata shi ake kira loda, kuma a ƙasa irin tamu, wadda galibinta jigawa ce mai rairayi, da ba ta ba da gero da gyaɗa sai an ƙosar da ita da taki, aikin da loda take gamawa kafin azahar ya fi abin da taron majiya ƙarfi za su wuni suna yi da cebur.

Sai dai yawancin taraktocin nan sun kwana biyu a duniya. A cikinsu akwai Massey Ferguson, har da ƙirar 135 wadda aka fara yi tun 1964, akwai Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, akwai Fiat da aka haɗa a Kano, wasunsu sun shigo hannun manoma tun Daura tana ƙarƙashin Jihar Kaduna, kafin a yanke Jihar Katsina a 1987. Injin da ya ga waɗannan shekaru ba ya rasa ciwo, kuma a cikin ciwonsa babu wanda ya fi tsai da aiki kamar a wayi gari loda ta ƙi tashi, ko ta tashi da nawa, ko ta riƙa kakkarwa, ko kuwa ta ɗaga kaya sa'an nan ta sulale ƙasa da kanta. Abin da ya sa na keɓe wa wannan mas'ala darasi guda shi ne, da zarar haka ta faru, maganar farko da take fitowa daga bakin mai tarakta da direbansa ita ce famfo ya mutu, sai a harhaɗa kuɗi a aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo sabo, alhali famfo yana cikin kayan da suka fi tsada, kuma sau da yawa ba shi da laifin komai. Alƙali adali ba ya yanke wa mutum hukunci bisa zato, sai ya saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya. Haka ya wajaba ga mai gyara, ya fara da abin da ba ya cin kuɗi, ya bi a sannu, har dalili ya kai shi ga yaƙini.

Ta ina ƙarfin yake zuwa?

Asalin wannan aiki duka ƙa'ida ɗaya ce, wadda wani masanin lissafi Bafaranshe, Blaise Pascal, da ya rasu a 1662, ya bayyana: abu mai ruwa-ruwa, idan aka tsare shi a wuri rufaffe aka danna shi ta gefe guda, ba ya matsuwa, sai dai ya isar da matsin nan ko'ina daidai wa daida. Tun gabaninsa ma malaman Musulmi sun yi nisa wajen sarrafa ruwa, domin littafin da al-Jazari ya kammala a 1206 yana ɗauke da siffar na'urar ɗaga ruwa mai fistin da bawul. Wanda ya shahara da shigar da wannan hikima cikin tarakta kuwa shi ne Harry Ferguson, wanda sunansa yake jikin jajayen taraktocin nan har yau.

Hanyar da mai yake bi gajera ce, kuma wajibi ne ɗalibi ya haddace ta. Mai yana kwance a ma'ajiyarsa. Famfo ya zuƙo shi ta cikin rariya, ya tura shi zuwa bawul ɗin da liba take jikinsa. Idan direba bai taɓa liba ba, mai ya zarce ya koma ma'ajiya. Idan ya ja ta, mai ya bi tiyo ya shiga silinda, wadda kanikawa suke ce wa jak, ya tura fistin, sanda ta fito, loda ta tashi. A gefe kuma akwai ƙaramin bawul na kariya mai sifirin, wanda aikinsa shi ne, in matsi ya wuce haddi, ya buɗe ya mai da mai baya, don kada tiyo ya fashe ko famfo ya tsage. A galibin tsofaffin taraktoci wannan bawul yana buɗewa ne a tsakanin bar 150 da bar 200, bar ɗaya kuwa kusan nauyin kilo 1 ne a kan kowane murabba'in santimita. Ku ɗauki fistin mai faɗin santimita 6, wanda fuskarsa ta kai murabba'in santimita 28, ku sa masa bar 170: ƙarfin da zai tura ya haura kilo 4,700, wato kusan tan 5, daga jak ɗaya tak.

A nan akwai abubuwa biyu da ba na son su cakuɗe muku, domin rabin binciken a kansu ya rataya. Yawan man da yake gudana a minti shi yake ba loda sauri. Matsi kuwa shi yake ba ta ƙarfi. Famfo gudu kaɗai yake ba mai, nauyin kaya ne yake tare shi har matsi ya taso. Saboda haka lodar da take ɗaga cikakken bokiti amma da nawa, man da yake isa gare ta ne ya yi kaɗan. Wadda kuwa take tashi da hanzari in babu kaya, ta kasa in an cika ta, man yana samun wata kafa ne yana tserewa kafin matsi ya cika.

Ya kamata kuma kowa ya san daga ina lodarsa take samun mai. Wasu ana jawo musu ne daga famfon tarakta na ciki, wanda a tsofaffin Massey Ferguson yake nutse cikin man giya, ƙarƙashin kujerar direba, kuma yakan tsaya in an taka kuloci har ƙasa. Wasu kuwa an sa musu famfo na dabam a hancin tarakta, injin yana juya shi ta wani ɗan shaf, suna da tankin mansu.

Sharuɗɗa kafin a ɗauki sifana

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a sauke bokiti ya zauna a ƙasa, a kashe inji, a cire makulli, sa'an nan a kaɗa liba gaba da baya har matsin da ya rage a cikin tiyo ya fita. Kada mutum ya kuskura ya shiga ƙarƙashin lodar da take sama, ko da na ƙiftawar ido, sai an tokare ta da ƙarfe mai ƙwari, domin abin da yake riƙe da ita a can bai wuce tiyon roba da ya sha rana shekara da shekaru ba. Kada kuma a lalubi wurin yoyo da hannu. Man da yake fita ta huda mai ƙanƙantar bakin allura a ƙarƙashin irin wancan matsi yana huda fata ya shige cikin tsoka, a ga ɗan tabo kamar ba komai, bayan sa'o'i hannu ya kumbura, har a kai ga yanke yatsa. A nemi yoyo da guntun kwali. In kuwa tsautsayi ya faɗa, to, ba maganar shafa magani ba ce ko jiran gobe. A garzaya babban asibitin Daura ko wanda ya fi kusa nan take, a faɗa wa likita ƙarara cewa man haidirolik ne ya shiga jiki, domin sau da yawa sai an yi tiyata an wanke wurin. Ina jaddada wannan ne saboda yaran gareji su ne ake turawa ƙarƙashi, kuma amana ce a hannun maigidansu.

Shaida ta farko: mai

A tsayar da tarakta a wuri mai daidaito, loda tana ƙasa, a zaro ma'auni a duba. Jak-jak ɗin loda suna shan mai da yawa in sun miƙe, saboda haka man da ya ishi tarakta kafin a ɗaura mata loda yana iya gazawa bayan an ɗaura, sai a ga loda ta kai rabin hanya ta tsaya tana kakkarwa. Wannan illa maganinta ƙarin mai ne kurum.

Bayan yawa, sai launi. A ɗiga man a farar takarda, a duba shi a rana, a shinshina. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. Mafi yawa ta robar gindin libar giya da ta tsage yake shiga, in an bar tarakta a fili cikin damina, ko wajen wanki. Mai shakka ya ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi: in ya yi tartsatsi, akwai ruwa. Idan tarakta ta kwana ba a tashe ta ba, ruwan yakan kwanta a ƙasa, in an sassauta notin juye mai shi yake fara fitowa. Idan man yana kumfa, iska ce take shiga. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi, domin mai da robobin ciki ba sa jure zafin da ya wuce digiri 80, ga shi kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma a Daura yakan haura digiri 40 tun kafin a kunna inji. Idan kuwa aka ga yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, wani abu yana cin kansa a ciki, kuma a nan ne kaɗai mai da kansa yake nuna famfo da yatsa.

Ba zan wuce wannan wuri ba sai na yi magana a kan abin da ake zubawa. Tsadar mai ta sa wasu suna tace baƙin man da aka juye daga mota su ɗura wa tarakta, suna ganin sun yi tattali, alhali ɓurɓushin da ke cikinsa shi yake goge famfo da bawul har su yi sako-sako. Abin da aka rage a jarka ɗaya sai a biya shi ninki-ba-ninki a kanti. Man birki kuwa ko kusa kada ya shiga, domin yana kumbura robobi ya lalata su. A nemi nau'in da littafin taraktar ya ambata, musamman in birkinta a cikin mai yake, a saya a wurin da aka amince da shi, a cikin mazubi mai hatimi.

Abin da kunne da hannu suke faɗa

Idan loda ta ƙi motsi gaba ɗaya, a ja liba a saurari inji. In muryarsa ta sauya, ya yi nishi, ko aka ji bawul ɗin kariya yana tsuwa, to famfo yana aiki, mai ne aka tare masa hanya: galibi mahaɗin tiyo ne, irin wanda ake turawa ya kama, bai zauna sosai ba, ko an juya tiyo biyu wajen mayarwa. In kuwa inji bai ko lura an ja liba ba, man bai iso ba ke nan. A tarakta mai famfon ciki a duba ko makarkatar da take raba mai tsakanin hannuwan baya da loda tana inda ya dace, da ko libobin gefen kujera suna matsayin da famfo zai ci gaba da turawa. A mai famfon gaba kuwa a duba ɗan shaf ɗin nan, domin haƙoransa sukan cinye, a ga yana juyawa lafiya lau amma famfo yana tsaye.

Idan loda tana tashi tana fizga, famfo kuma yana kuka, ko dai iska yake zuƙa ko kuma man ne ba ya isa bakinsa. Abin lura a nan shi ne, ɓangaren zuƙa yana iya shan iska ba tare da ɗigon mai ya zuba ƙasa ba, don haka ido ba ya kama shi. A shafa giris a mahaɗai ɗaya bayan ɗaya inji yana aiki. Inda kukan ya lafa, nan ne kafar take. A matsa tiyon zuƙa da hannu bayan an kashe inji, domin tsohon tiyo yakan yi laushi ya shaƙe daga ciki alhali bayansa sumul. Sa'an nan a buɗe rariya, a canza filta.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a wajen Sandamu, inda aka kawo tarakta wadda mai ita ya riga ya sa mata sabon famfo, amma lodar tana nan da nawarta, sabon famfon ma ya fara kuka. Dattijon bakaniken bai taɓa famfon ba. Ya sa aka juye man a daro, ya tsoma hannu ya murza abin da ya kwanta a ƙasa tsakanin yatsunsa, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, yaushe rabon da a buɗe rariyar nan?" Mai tarakta ya ce, "Wallahi, Malam, tun da na saye ta ban san an buɗe ba." Da aka zaro ta sai ga ta ta toshe ƙam da baƙin taɓo, da rairayi, da zaren tsumman da ake toshe bakin tanki da shi tun da murfin ya ɓace. Dattijon ya ce da yaronsa, "Kai, kawo gas da buroshi." Aka wanke ta har haske ya riƙa ratsa ta, aka zuba sabon mai, aka yi ta ɗaga lodar ana saukewa ba kaya har iska ta fita, kafin la'asar tana lodin yashi. Tsohon famfon yana cikin buhu a bayan kujera, kuma mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma lodar da take da ƙarfi da sassafe, in rana ta take mai ya yi zafi sai ta yi la'asar. Dalili shi ne mai yana tsinkewa in ya ɗumama, sai ya riƙa zurarewa ta wuraren da suka goge, waɗanda kaurinsa yake toshewa da safe. A nan zargin famfo yana da hujja, amma bai tabbata ba tukuna, domin bawul ɗin kariya da robar fistin su ma suna kawo wannan alama. A bi kayan da bayan hannu a hankali: inda mai yake tserewa a ciki, wurin yakan fi sauran zafi.

Hukuncin geji

Abin da yake raba gardama shi ne geji, wato agogon auna matsi, mai karanta aƙalla bar 250. A ɗaura shi a layin da yake zuwa jak ɗin ɗagawa, a bar mai ya ɗumama, a ɗaga loda ba kaya har ƙarshe, a riƙe liba na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, a karanta. Idan allura ta kai adadin da littafi ya faɗa, famfo da bawul ɗin kariya sun kuɓuta. Sai a koma ga kayan da ake ɗorawa, domin jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshen taki nauyi nesa ba kusa ba, da kuma fil-fil ɗin gaɓoɓin loda, waɗanda in an hana su giris sukan cije. Idan allura ta gaza, a fara kwance bawul ɗin kariya: ƙwayar rairayi ɗaya a mazauninsa, ko sifirin da ya karye, ya isa ya zubar da matsin duka. Idan an wanke shi bai canza ba, a gwada jak: a miƙe sandarsa har ƙarshe, a tokare loda, a kashe inji a saki matsi, a cire tiyon ɓangaren sanda a toshe shi, a kunna a sake jan liba ta wajen miƙewa, in mai ya kwararo ta bakin da aka buɗe, robar fistin ta mutu. Sai bayan waɗannan duka sun fita, kuma aka ga matsin yana ƙaruwa in an ba da totur, yana faɗuwa in mai ya yi zafi, sa'an nan ya halatta a ce famfo ne.

Abubuwa biyu haramun ne a wannan gwaji. Kada a toshe bakin famfo da geji kai tsaye ba bawul ɗin kariya a tsakani, domin nan take zai tsage. Kada kuma a cusa wa sifirin wasa don a ƙara ƙarfi da ka. Tiyo da gatarin gaba su za su biya.

Saura lodar da take sulalewa. Sanda ba ta iya komawa cikin jak sai man da ke ciki ya sami wurin tafiya, ko dai ya zuba waje a gan shi, ko ya koma ta cikin bawul mai liba da ya goge. Saboda haka in damatsan loda ne suke sauka kuma babu yoyo a waje, a fi tuhumar bawul. In bokiti ne yake kifewa a hankali yana zubar da kaya, a fara da robar fistinsa. Sandar da ta yi tsatsa ko ta karce kuwa, ko an sa mata sabuwar roba za ta yaga ta, don haka in za a ajiye tarakta a mai da sanduna ciki, abin da ya rage a waje a shafe shi da giris. A lokacin hunturu, da ƙura take shiga ko'ina, a goge bakin tanki kafin a buɗe, a wanke mazurari, a rufe bakin duk tiyon da aka cire.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya nemi izinin mai tarakta a unguwarsu ko ƙauyensu, ya bi tiyo da ido daga ma'ajiyar mai har zuwa jak, inji yana kashe, bokiti yana ƙasa, ya zana hanyar a littafinsa, ya rubuta ko famfon na ciki ne ko na gaba. Ya ɗiga man a farar takarda ya zo da ita aji, ya kuma tambayi direban yaushe aka canza mai da filta, da irin man da aka zuba. A zama mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu jera takardun mu karanta su tare, sa'an nan mu kwance jak ɗaya mu canza robarsa.